Tun ranar da aka damfare ni, 'ya'yana suka daina tambayar ra'ayina

Assalamu alaikum, 'yata. Ni mace ce mai shekara 67, na yi aikin jinya shekara 35 kafin in yi ritaya. Maigidana ya rasu, yanzu ina zaune tare da babban ɗana da iyalinsa. Bara wasu suka kira ni a waya suka ce daga banki suke, na ba su lambar sirri, suka kwashe wani kaso na kuɗin fanshona. Tun daga ranar komai ya canja. Ɗana ya karɓi katin bankina, ya ce zai riƙe mini. In zan fita sai an haɗa ni da wani. In mun je asibiti, likita 'yata yake kallo yana tambayar ta abin da ke damuna, alhali ina zaune a gabansa, ni da na koya wa irinsa neman jijiya. An yi taron iyali a kan sayar da filin da mahaifinsu ya bari, sai bayan an gama aka gaya mini, wai kada a ɗaga mini hankali. In na ce a maimaita magana sai in ga ana haɗa ido. Surukata da muryar lallashin yaro take yi mini magana. Jikokina kuwa in na tambaye su abu a waya, sai su karɓa su yi mini, ba sa nuna mini yadda ake yi. Na nemi ɗan aikin koyarwa na wucin gadi a wata makarantar koyon jinya, aka ce masu jini a jika ake nema.

Ba sa zagina, ba su rage ni da ci da sha da magani ba, shi ya sa nake jin kunyar ƙorafi. Amma na fara yin shiru, na fara ce wa kaina ƙila tsufan ne ya zo, ƙila ƙwaƙwalwar ce ta gaji. Shin in haƙura in bar musu komai, ko in koma gidana in zauna ni kaɗai? Kuma me ya sa ake yi wa tsofaffi haka, har 'ya'yan da mutum ya haifa?

Wata uwa

Wa alaikumus salam, Mama. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ke kuma ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Kafin komai ina so ki ajiye kunyar nan. Ci da sha da magani ba su ne iyakar haƙƙin uwa ba. Mutum yana da haƙƙin a tambaye shi kafin a taɓa dukiyarsa, a kalle shi in ana maganar jikinsa, a bar shi ya fita ya dawo ba tare da ɗan rakiya ba. In aka ɗauke waɗannan, ko da murmushi aka ɗauke su, akwai zafi, kuma faɗin zafin ba butulci ba ne. Wasiƙarki ma shaida ce a gare ki. Wadda ta jero abubuwa haka, kowanne a muhallinsa, ta lura da haɗa idon da ake yi a bayanta, ta kuma yi wa 'ya'yanta adalci a cikin ƙorafinta, ba ta yi kama da wadda tunani ya kufce wa ba.

Tambayarki ta ƙarshe ita zan fi daɗewa a kai, domin in kin gane inda abin ya samo asali za ki san ta inda za ki kama shi. Abin da ke faruwa a gidanku ba na gidanku kaɗai ba ne. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto na musamman a kan raina mutane saboda shekarunsu, ta ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana ɗauke da irin wannan tunani game da tsofaffi. Rabin mutanen duniya ba za su zama mugaye ba. Yawancinsu suna son iyayensu da kakanninsu. Masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Susan Fiske da Amy Cuddy, sun nuna cewa kallon da aka fi yi wa tsoho shi ne na mutumin kirki abin ƙauna wanda bai iya komai ba, kuma abin da wannan kallo yake haifarwa a zuciya tausayi ne. Wannan irin ya fi wuyar yaƙa. Wanda ya zage ki za ki iya rama masa, ko ki kai ƙararsa. Wanda ya karɓe miki kati yana cewa "Mama, hutar da ke nake yi", in kin yi magana ke za a ga baƙinki.

Mu fara da babban ɗanki, tunda a hannunsa katin yake. Na yi imanin tsoro ne ke tuƙa shi. Ya binne mahaifinsa, bai gama farfaɗowa ba sai ga wasu sun shigo ta waya sun cuci mahaifiyarsa, bai iya tare komai ba. Rahoton da na ambata ya lissafa fargabar mutuwa cikin abubuwan da ke sa mutum ya fi raina tsofaffi, tare da ƙuruciya da ƙarancin ilimi, ya kuma ce abin ya fi yawa ga maza. Dalilin fargabar a fili yake: ɗa in ya kalli furfurar uwarsa yana ganin ranar da zai rasa ta, yana kuma hango tasa furfurar. Wasu tsoron nan gudu yake sa su, su rage zuwa gaisuwa. Wasu kuma riƙo yake sa su, su ƙanƙame komai, su sa doka a kan fita da kuɗi da labarin da za a gaya miki, domin in komai yana hannunsu sai su ji kamar ƙaddara ma tana hannunsu. Ɗanki yana cikin kashi na biyun ne. Ina tausaya masa, amma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: tsoron nasa ne, ke kuma kike biyan kuɗinsa, kuma hakan ba daidai ba ne.

Sai maganar damfarar, wadda ita ce aka kafa hujja da ita. Ki yi wa kanki wannan tambaya: da shi aka kira ya ba da lambar, me za a ce? Za a ce tsautsayi ne, za a tsine wa ɓarayin, ya canja lambar sirri, a wuce wurin. Babu wanda zai karɓi katinsa. Da ya faru da ke sai aka ce tsufa. Ta nan rainin shekaru yake shiga gida, kuskuren saurayi a ɗora wa ranar, kuskuren tsoho a ɗora wa shekarunsa, daga nan duk abin da ya yi a karanta shi da wannan ido. Ki manta inda kika ajiye makulli, a ce an fara gani. Alhali masu wannan damfara sana'arsu ke nan, sun ƙware wajen tayar wa mutum da hankali don ya yi sauri kafin ya yi tunani, kuma suna cin malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki kansu. Alƙaluman hukumar da ke karɓar ƙorafin masu sayayya a Amurka sun sha nuna cewa a cikin masu kai rahoton damfara, matasa 'yan shekara ashirin da wani abu sun fi tsofaffi yawan cewa an ci kuɗinsu. Sai dai in an ci tsoho, kuɗin da ake kwashewa ya fi yawa, tunda shi ne mai ajiyar shekaru. Wannan ɓangare na biyu shi ne gaskiyar ɗanki, kuma ki ba shi ita. Ɗaukar matakin kariya ya dace. Amma tsakanin kariya da ƙwace akwai tazara mai faɗi, a cikinta za ki nemi mafita.

Akwai wani dalili da ya fi gidanku girma. Tun a 1972 masana zaman jama'a Donald Cowgill da Lowell Holmes suka yi bayanin cewa darajar tsofaffi takan ragu a duk al'ummar da ta shiga sauyin zamani da sauri. A da ilimin da ake rayuwa da shi a kan manya yake, dole yaro ya zauna ya saurara. Da makaranta da birni da sababbin sana'o'i suka zo, sai ilimin da ake samun kuɗi da shi ya koma wanda yake canjawa duk bayan 'yan shekaru, yaro ya riga babba saninsa. Wayar hannu ta ƙara zafin abin. Har yanzu muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a aikace wanda ya fi saurin latsa waya shi ake ɗauka mai basira. Sauri kuwa ba shi ne hankali ba. Gaskiya ne saurin ɗaukar sabon abu yana ɗan raguwa da shekaru, amma tarin sani, da iya magana, da gane inda al'amari zai ƙare tun daga farkonsa, waɗannan suna daɗewa, wasu ma ƙaruwa suke yi har cikin shekaru sittin. Jikokinki ba su san haka ba. Abin da suka gani shi ne kaka tana neman inda za ta danna, sai su karɓa su danna, suna ganin taimako suka yi.

Kuma zama gida ɗaya ba shi ne sanin juna ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara ya nuna cewa cuɗanya mai ma'ana tsakanin yara da manya tana cikin abubuwan da suka fi rage wannan raini. Ma'anar ita ce ingancin zaman. Ana iya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya shekara da shekaru, jika bai taɓa jin cewa kakarsa ta karɓi haihuwa da dare ba, ko ta tsayar da jinin wanda aka kawo a sume. Ina kyautata zaton jikokinki ba su san wace ce ke ba, Mama. Sun san mai ba su alawa da yi musu addu'a.

Na likitan nan ya fi ba ni takaici, domin shi ya kamata ya fi kowa sani. Ke da kika yi shekara 35 a ɗakin majinyata kin san yadda abin yake faruwa: layi ya yi tsawo, lokaci ya ƙure, sai a juya ga ɗan rakiya don ana zaton zai fi saurin ba da amsa. A hankali ya zama ɗabi'a, har a daina gwada tambayar majinyacin. Illar ba ta tsaya a ɓacin rai ba. Wani nazari na 2020 da ya duba bincike 149 ya gano cewa a kashi 85 cikin ɗari nasu, shekarun majinyaci sun yi tasiri a kan ko za a yi masa wani aiki ko a ba shi wani magani. Ciwon da za a bincika a jikin ɗan shekara arba'in, a jikin ɗan saba'in sai a ce ai girma ne. Don haka wannan ba wurin kawaici ba ne. Kafin ku shiga, ki gaya wa 'yarki cewa ke za ki yi bayani, in likita ya juyo gare ta ta ce masa, "Ga ta nan, ka tambaye ta." Ki rubuta abin da ke damunki da magungunan da kike sha a takarda, ki buɗe baki tun kafin ya buɗe nasa, ki gaya masa aikin da kika yi. In ya ci gaba da kallon gefe, ki ce masa cikin natsuwa, "Likita, ni ce marar lafiyar." In da hali, wata rana ki bar ta a waje ki shiga ke kaɗai. Likitan da ya ƙi gyarawa bayan haka, a canja shi.

Yanzu ga wata magana da 'ya ba za ta so faɗa wa uwa ba, amma in na ɓoye ta na cuce ki. Kin ce kikan nemi a maimaita magana. Ki je a auna jinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji da ke shafar rayuwarsu, kuma sau da yawa iyali rikicewar tunani suke ɗaukar sa. Mutum bai ji tambaya daidai ba, ya ba da amsar da ba ta dace ba, sai a haɗa ido. Shi kuma ya gaji da cewa "me ka ce?", ya janye daga hira, sai a ce ya fara shiru-shiru. Abin da 'yar na'urar kunne za ta gyara sai ya zama dalilin cire mutum daga taron iyali. A wannan zuwan ki nemi a gwada ƙwaƙwalwar ma, a duba bitamin B12 da tayirod (wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo) da suga, a sake duba magungunan da kike sha, a kuma yi maganar damuwa, domin rashin miji da ritaya da zaman shiru in suka haɗu suna iya kawo mantuwar da ba ta da alaƙa da lalacewar ƙwaƙwalwa. Kin fi ni sanin waɗannan. Cutar mantuwa cuta ce, ba dole ba ce ta tsufa, kuma mafi yawan masu shekarunki ba su da ita. Ki je da ƙafarki, bisa shawarar kanki, kafin wani ya ce a kai ki. In sakamako ya fito lafiya, kin sami takardar da za ki ajiye a gaban ɗanki. In kuma an ga wani abu, gara a gani da wuri, kina da cikakken ikon tsara irin taimakon da kike so da wanda kike so ya yi miki shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne inda kika ce kin fara ce wa kanki ƙila tsufan ne. Raina tsofaffi ya bambanta da sauran nau'o'in wariya ta wannan fuska: tun muna yara muke haɗiye shi, muna dariyar tsohuwa mai mantuwa, ba mu san wa kanmu muke tanadi ba. Ranar da furfura ta fito, sai hukuncin da muka daɗe muna yanke wa wasu ya dawo kanmu. Becca Levy ta jami'ar Yale ta fitar da wani bincike a 2002 a kan mutum 660 a jihar Ohio ta Amurka, waɗanda aka tambaya yadda suke kallon tsufansu sannan aka bi rayuwarsu fiye da shekara ashirin. Masu kyakkyawan zato ga tsufansu sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi. Rai a hannun Allah yake, amma sababin a bayyane yake: wanda ya yarda ya gama amfani yakan daina motsa jiki, ya daina zuwa asibiti a kan lokaci, ya daina shiga mutane. Tun kafin wannan, a 1976, Ellen Langer da Judith Rodin sun yi gwaji a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Wasu aka ba su zaɓi a ƙananan al'amuransu, har da shukar da za su riƙa kula da ita da kansu, wasu kuma aka ce ma'aikata za su yi musu komai. Waɗanda aka bar wa ɗawainiya su suka fi kuzari da walwala. Hutun da 'ya'yanki suke ba ki, in ya yi yawa, shi zai jawo raunin da suke tsoro. Shirunki kuma, a idonsu, tabbaci ne cewa sun yi daidai. Don haka amsar rabin tambayarki ta farko ita ce a'a, kada ki bar musu komai.

Ki nemi ɗanki shi kaɗai, ba a gaban matarsa ko ƙannensa ba, domin namiji in aka gyara masa a gaban iyalinsa kare kansa zai tsaya yi. Ki zaɓi lokacin da babu wani saɓani a ƙasa. Ki fara da abin da yake gaskiya, cewa kin san tsoro ya ji ranar da aka damfare ki, ke ma kin ji, kuma kin ga ɗawainiyar da yake yi. Sannan ki faɗi buƙatarki a fili ba tare da kewaye ba: "Ina son katina ya dawo hannuna, ga kuma yadda za mu yi don hankalinka ya kwanta." Ki zo da tsarinki a shirye. Ku je banki tare a canja lambar sirri, a sa iyakar abin da za a iya cirewa ko turawa a rana. A raba kuɗin biyu, babban kaso a asusun ajiya marar kati, na kashewar wata a wanda kike riƙe da katinsa. In kin yarda, saƙon cire kuɗi ya riƙa zuwa wayarsa shi ma. Ki kuma ɗaukar wa kanki ƙa'ida ɗaya, cewa duk wanda ya kira ya nemi lamba, ko wane ne shi, za ki kashe wayar ki je banki da kanki, domin banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Ku sa wa'adi, a ce wata uku, ku sake zama ku duba. Wa'adin yana da amfani domin yana ba shi hanyar saukowa ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Ki fara da katin kaɗai. In kika kawo kati da fita da fili da likita a zama ɗaya, zai ji kamar shari'a ake yi masa.

Maganar filin kuwa ta fi ƙarfin lallashi. Matar mamaci tana da haƙƙi a abin da mijinta ya bari, kuma ba a zartar da sayarwa a bayan mai haƙƙi da sunan kada a ɗaga masa hankali. Ki nemi a nuna miki takardu, nawa aka sayar, ina kason kowa. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba, ko wa ya kawo miki. Ba ina zargin ɗanki ba ne, babu abin da kika rubuta da ya nuna ya ci miki ko kwabo. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, taɓa dukiya yana ciki, kuma sau da yawa da "bari in riƙe miki" ake farawa, da kyakkyawar niyya, sai rashin lissafi ya ɓata abin. Rubutaccen lissafi kariya ne gare shi ma, ranar da ƙannensa za su tambaya.

Surukarki ina ganin ta fi kowa sauƙi. Mai yiwuwa tana tsoron a ce ba ta girmama ki, sai ta zarce, ta koma lallashi. Ba ta san muryar tana ƙona ki ba. Wata rana kuna ku biyu ki ce mata, "'Yata, ki yi mini magana yadda kike yi wa kowa, in ban ji ba zan gaya miki." In gwajin kunne ya nuna rauni, ki koya musu duka abin da ke taimako: a fuskance ki, a rage hayaniya, a yi magana sarai, ba sai an ɗaga murya ko an ja kalmomi ba. 'Yarki kuwa ki jawo ta ta zama abokiyar shawara, domin in mutum ɗaya a gida ya fara cewa "bari mu ji ta bakin Mama", sauran sukan bi. Jikoki kuma ki yi ciniki da su. Wayar ta zauna a hannunki, su faɗa ki danna, ki rubuta matakan a ɗan littafi. Ke kuma ki koya musu auna bugun jini, da ɗaure rauni, da abin da ake yi in yaro ya shaƙe ko ya ƙone. Yaron da ya ga kakarsa tana nuna masa abin da malaminsa bai iya ba, kallonsa zai canja ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Game da aikin da aka hana ki, ba ke kika gaza ba. Masana tattalin arziki a Amurka, David Neumark da abokan aikinsa, sun aika takardun neman aiki sama da 40,000 da suka ƙirƙira, masu kama da juna sai bambancin shekaru. Masu manyan shekaru sun fi ƙarancin samun kira, kuma abin ya fi tsanani a kan mata. Wannan a ƙasar da tun 1967 take da dokar hana wariyar shekaru a wurin aiki ga wanda ya kai 40. Masu ɗaukar aiki suna zaton babba zai yi tsada, ko ba zai koyi sabon abu ba, ko ba zai ji maganar shugaban da ya haifa ba. Mace kuma ana haɗa mata da kallon fuska, furfurar da ake kira kwarjini a kan namiji ita a kanta gajiya ake kiranta. Ƙofa ɗaya kika ƙwanƙwasa. Ki bi ta hannun waɗanda suka san aikinki, tsofaffin abokan aiki da ɗaliban da kika horar waɗanda yanzu wasunsu ke riƙe da sassa. Ki nemi abu takamaimai, kamar sa ido a kan ɗalibai ranar gwajin aiki, ko darasi ɗaya a mako. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ƙungiyoyin sa-kai masu wayar da kan mata masu ciki da masu hawan jini kullum suna neman irinki. Ko ba albashi, fita da jaka sau biyu a mako zuwa inda ake jiran ki zai gyara yadda ake kallon ki a gida, kuma zai warware maganar ɗan rakiya da kansa.

Komawa gidanki haƙƙinki ne, kuma ba laifi ba ne mace mai lafiya ta zauna a ɗakinta. Abin da ba na so shi ne ki tafi cikin fushi. In kin tafi haka za su ce rikicin tsufa ne, ke kuma ki tarar da kaɗaici, wanda shi ma yana cin lafiya. Ki gwada gyaran nan na wata uku tukuna. In kin ga canji, ki zauna. In kuma zuciyarki ta fi kwanciya da gidanki, ki koma da shiri: wa zai kwana kusa, wa za a kira da dare, wace rana jikoki za su zo, wace rana za ki je musu. Akwai kuma tsaka-tsaki, ki raba mako tsakanin gidajen biyu, ki ga wanne jikinki ya fi so.

In ɗanki ya ƙi sakin katin bayan kin yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa a tsakani, ƙanin mahaifinsa ko ɗan'uwanki ko aminin marigayi, ya fi kyau ma wanda ya girme ki kuma yake riƙe da harkokinsa da kansa. In hakan ma bai yi ba, asusun da sunanki yake. Kina iya zuwa banki da katin shaidarki ki ce a toshe tsohon kati a ba ki sabo. Ki sanar da shi kafin ki je, don kada ya ji a bakin wani, amma sanarwa za ki yi, ba neman izini ba. Ki fara da gwajin kunne a makon nan, Mama, sannan ki rubuto mini yadda kuka yi da shi.